KU TAMBAYI KAWU BAKANIKE: Tseren tsofaffin motoci, daga Juma'a zuwa Lahadi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan watan saƙonni sun taru min akan magana ɗaya, tunda wani bidiyo ya zagaya a WhatsApp na wasu tsofaffin motoci suna tsere a Ingila, kowa sai turo min yake yana tambaya. Na zaɓi guda biyar, sauran ku yi haƙuri, amsarku na ciki in sha Allah.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Na ga bidiyon nan, motoci irin na zamanin kakanninmu suna gudu kamar za su tashi sama, kuma da direbobin suka cire hular kwano sai naga wasu duk furfura. Wai tseren gaske ne ko wasa ne ake nunawa mutane? Kuma me ake yi har kwana uku? Ɗanka daga Yelwa, Garwa.

AMSA: Ɗana tseren gaske ne wallahi, ba wasa a ciki. Wanda ka gani ɗin Goodwood ne a kudancin Ingila, filin da asalinsa na jiragen yaƙi ne lokacin yaƙin duniya na biyu, aka mai da hanyar da ta kewaye shi wurin tsere daga 1948 zuwa 1966, sannan a 1998 suka farfaɗo da shi, duk watan Satumba ana kwana uku ana yi da motocin wancan zamanin, har 'yan kallo ma kayan wancan lokacin suke sawa. Faransa ma suna da nasu, Le Mans Classic, tun 2002, akan hanyar nan mai kilomita 13 da wani abu inda ake tseren awa 24 tun 1923. A can raba motocin ake rukuni-rukuni bisa shekarun ƙira, don ba za ka haɗa motar 1930 da ta 1970 ka ce su yi tsere ba, zalunci ne.

Masu furfuran nan da ka gani, akwai tsofaffin gwanaye a cikinsu da ake gayyatowa, amma da yawa mutane ne kamar ni da kai, likita ne, ɗan kasuwa ne, manomi ne, wani ma bakanike ne da ya shekara goma yana haɗa motarsa da hannunsa. Da kuɗinsu suke zuwa, su biya kuɗin shiga, su sayi taya su sayi mai, kuma wanda ya ci yawanci kofi zai ɗauka ya koma gida, ran Litinin ya tafi wurin aikinsa. Waɗancan biyun da na faɗa manya ne na masu hali, amma akwai ƙananan ƙungiyoyi birjik da ke yin nasu a ƙananan filaye ba wanda ya sani sai iyalansu.

To kwana ukun. Ranar farko ba gudu ake fara yi ba, layi ake bi na bincike, kuma ni a matsayina na mai gareji wannan ne wurin da ya fi burge ni. Zaka turo motarka gaban masu duba, su buɗe bonet su shiga ƙarƙashi, su girgiza kujera su ga ko a ɗaure take da kyau, su duba bel na ɗaure jiki da kwanan watan da ke jikinsa don shima yana da wa'adi, su duba hular kwano da rigar da wuta ba ta saurin ci, da tukunyar kashe gobara, da makunnin da ake murɗawa a yanke wutar mota gaba ɗaya ko daga waje, su ga batir a ɗaure, su ga ko digo ɗaya na baƙin mai baya zuba. Digo ɗaya fa ɗana, don abin da ya zuba daga motarka na bayanka ne zai taka. Sannan a manyan wurare akwai takarda da hukumar tseren motoci ta duniya FIA ke bayarwa, kamar fasfo ne na motar, da hotunanta da bayanin cewa yadda ake haɗa irinta a zamaninta haka take, ba a saka mata kayan zamani a ɓoye ba. In ka faɗi binciken nan ko daga wace ƙasa ka jawo motar ba za ta taka filin ba sai ka gyara.

Bayan nan sai gwaji, ka koyi kwanonin filin. Sai zagayen neman wuri, wanda ya fi kowa saurin zagaye ɗaya shi ne a gaba ranar tsere, haka har na ƙarshe. Tseren kansa gajere ne, wani minti 20, wani rabin awa, wani awa ɗaya da direba biyu suna canji. Kaga mutum ya yi wata shida yana shiri saboda rabin awa. Kuma tsakanin Asabar da Lahadi nan ake ganin 'yan uwantaka, wanda giyarsa ta fashe da yamma zai kwana a ƙarƙashin mota da tocila a baki, kuma wanda za su kara gobe shi zai ara masa kayan gyara, saboda kayan irin motocin nan ba a shago ake samu ba, a hannun juna suke.

Akwai kuma tutoci da dole ka haddace kafin a barka ka shiga. Rawaya hatsari a gaba, ka sassauta kuma ba wuce wani. Ja a dakata. Shuɗiya wani mai sauri na bayanka. Mai ratsin ja da rawaya akwai santsi a ƙasa. Baƙa da lambarka, kai ake kira ka fito. Mai dara-daran baƙi da fari an gama. Sai wata doka da kowa ya sani a zuciya, ba a gogar juna, don motar da ka buga wataƙila irinta ba su fi ashirin ba a duniya, kuma jikinta ba shi da kariyar motocin yanzu.

TAMBAYA: Kawu, Babanmu Allah ya jiƙansa ya bar mana Peugeot 504, tana tashi lafiya lau. Ni da abokaina mu huɗu kowa da tsohuwar mota a gidansu, muna so ran Lahadi da sassafe kafin mutane su fito mu gwada su a kan kwalta hanyar Mora muga wa zai riga. Me zan gyara ta ƙara gudu? Daga Domayo, Marwa.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ɗana zan gaya maka gaskiya ko ba daɗi, kar ku yi. Ba zan faɗa maka yadda za ta ƙara gudu ba don hanyar Mora. Sassafen da kake cewa ba kowa shi ne lokacin da mata ke ɗauko kaya zuwa kasuwa, makiyayi na tsallakar da shanu, mai babur ya ɗauko mutum uku, yaro ya fito da gudu daga bayan bishiya, ga ramuka. Turawan da kuke kallo ma sun yi irin wannan a kan hanyar jama'a sun ga abin da ya biyo baya. A Italiya akwai tseren mil dubu, Mille Miglia, tun 1927 ake yi a cikin garuruwa, a 1957 tayar wata Ferrari ta fashe ta faɗa cikin 'yan kallo, direba da abokinsa suka mutu da mutum tara, biyar yara ne. Daga nan aka daina. Da suka dawo da shi a 1977 sai suka canza masa tsari gaba ɗaya, kuma wannan tsarin ne nake so ku ɗauka.

Amma bari na fara da motar. Ita 504 ba sai an yi mata kirari ba. Ta fito 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma da yawa cikin waɗanda ke yawo a nan arewacin Kamaru daga Kaduna suka shigo inda aka fara haɗa Peugeot a 1975. A tseren Safari na Kenya, wanda ake ɗauka cikin mafi wahala a duniya, 404 ta ci a 1963, 1966, 1967 da 1968, ita kuma 504 ta ci a 1975 a hannun Ove Andersson. Kuma ba don sun fi kowa gudu suka ci ba, juriya ce, masu gudu suna lalacewa a hanya su suna wucewa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma wancan motocin sababbi ne a lokacin kuma da makanikai a bayansu, taka kuwa ta kwana biyu a duniya.

Abu na farko birki, kuma zan daɗe a nan don na gani da idona. Ina yaron gareji muka taso daga Gaundare da maigidana a wata 504 doguwa cike da mutane da kaya har sama, muka fara gangaren falez, wato babban dutsen nan da ke kan hanyar Garwa. Direban wani ne aka haɗa mu da shi, tun daga sama ƙafarsa na kan birki, bai sa ƙaramar giya ba. Muna tsakiyar gangare naga ya taka, feda ta tafi har ƙasa ba komai, ya sake takawa ba komai, sai salati kawai. Maigidana na gefensa, bai ɗaga murya ba, ya ce masa yi ta bugawa da sauri da sauri, ya kama hannunsa suka tura giya ta biyu injin ya yi wani irin kuka, shi kuma yana jan birkin hannu kaɗan kaɗan yana saki, har Allah ya sa muka samu wani fili a gefe muka tsaya. Da muka sauko wari kamar an ƙona roba, maigida ya tofa yawu a jikin wili ya yi cuu ya bushe nan take. Ya buɗe robar man birki ya nuna min, baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana a buta. Ya ce ka gani, tunda aka sayi motar nan ƙari ake mata ba a taɓa juyewa ba.

Dalili shi ne man birki yana shan danshi daga iska a hankali. Sabon man birki samfurin DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa yana saukowa wajen 155, to ka yi ta taka birki zafi ya hau, ruwan ya zama tururi a cikin bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake, sai ka taka iska. Abin tsoron shi ne in ya huce birkin zai dawo kamar ba abin da ya faru, mai mota ya ce ai lafiyarta ƙalau. Don haka ka juye shi duka ka zuba sabo, ka canza bututun roba na birkin nan ko da ido bai ga tsagewa ba.

Sai taya. Kar ka duba zane kawai, ka duba lamba huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefenta, in ka ga 2318 to mako na 23 ne na 2018. Tayar da ta shekara bakwai takwas tana shan ranar Marwa ta bushe ko zanenta sabo ne. Sai lagireto, a wanke shi ciki da waje, a sa sabon fanbel da tiyo, don a watan Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a nan tsohon inji na tafasa ne ya ƙona gasket. Mai kuma, na san duk zuwa-zuwa muke sha, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya, amma ranar da za ka wahalar da mota ka sha na gidan mai, ka sa sabuwar matata kafin kafireta, ka kuma nisanta tiyon mai daga salansa don zafi na sa man ya zama tururi mota ta mutu tana cikin tafiya. Kaga duk wannan ban ƙara maka gudun kilomita ɗaya ba, kuma shi ne kashi tara cikin goma na aikin da masu tseren can ke yi.

Yanzu tsarin da na ce. Shi ba a neman wanda ya riga, ana neman wanda ya fi daidai. A auna hanya, a ce kilomita 30, a ce kowa ya riƙe matsakaicin gudun 45 a awa, kenan minti 40 cif. Motoci na tashi ɗaya bayan ɗaya da tazarar minti guda, kowane direba da abokinsa a gefe riƙe da agogo da takarda, sai a ɓoye mutane a wurare uku ko huɗu suna rubuta lokacin da kowa ya wuce. Ka riga lokaci a ci ka tara, ka makara a ci ka tara, daƙiƙa ɗaya maki ɗaya, mai ƙarancin maki shi ya ci. Kana ji kamar da sauƙi, gwada ka gani, mitar tsohuwar mota ma ƙarya take, sai kun auna ta tukun, ga rairayi ga jaki a hanya, kuma haramun ne ka rama lokaci da gudun da ya wuce doka. Haka Mille Miglia take yanzu. In kuma dole sai kun ji ƙarar taya, ku nemi fili a bayan gari da izinin mai shi, ku jera tsofaffin tayu, mota ɗaya a lokaci guda ana duba agogo, 'yan kallo can nesa bayan igiya, ba a wajen kwana ba. Ko wanne kuka zaɓa ku fara zuwa wurin sufurefe da jandarma ku sanar, ku gaida mai unguwa, kowa da kat giris, wato takardar rajistar mota, da inshora da takardar bizit ta binciken lafiyar mota a hannu. Ai ko sukuwar sallah a ƙofar Lamido sai an share fili an kori yara gefe kafin a saki linzami.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Maigidana ya samo wata tsohuwar Peugeot 404 bashe, wato a-kori-kura, kullum yana wurinta, yanzu wai shi da abokansa za su yi gasa bayan damina. Ni tsoro nake ji, ga yara ƙanana. In hana shi ne? Wata uwar gida daga Gaundare.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya raya yaran. Tsoronki na kan hanya, ban ga laifinki ba ko kaɗan. Amma hanawa kai tsaye ba kasafai take aiki ba akan mai son mota, sai ya koma yi ba ki sani ba. Ki zauna da shi cikin lalama ki tambaye shi abu uku, a ina za a yi, wa ya ba da izini, kuma gasar gudu ce ko ta daidaita lokaci irin wadda na bayyana a sama. In ya ce kan kwalta ce cikin mutane to nan ki tsaya tsayin daka, ki haɗa da yayansa ko wani babba da yake jin nauyi. In ta lokaci ce, haɗarinta bai wuce na tafiya kasuwar ƙauye ba. Ki ce lallai a sa bel mai kyau a motar don da yawa cikin bashen nan ba su da shi ko ya ruɓe, da tukunyar kashe wuta a inda hannu zai kai, kuma ba ɗaukar kowa a baya, ko yaro ɗaya. Maganar kuɗi kuma ku yanke abin da zai riƙa sawa duk wata bayan an cire na abinci da na makaranta, ni na sha ganin motar da ta cinye jarin gida. Kuma Hajiya in kina da lissafi kujerar gefen nan taki ce, mata sun yi suna a wannan fagen, Michèle Mouton 'yar Faransa ta ci tseren Sanremo a 1981 kuma mai karanta mata hanya ma mace ce, Fabrizia Pons.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne, na tuna wata shekara motocin tsere sun ratsa garin nan da ƙura da jirage, muka fita kallo. Shin mu a Afirka ba mu da irin wannan na tsofaffin motoci? Daga Injamena.

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka gani tseren Dakar ne na farkon 1992, shekarar da maimakon su nufi Dakar suka miƙe daga Paris har Cape Town a Afirka ta Kudu. Sun sauko ta Libiya da Nijar, Dirku da Gigimi, suka shigo Injamena, suka wuce Sarh, suka faɗa Afirka ta Tsakiya ta Buwar sannan Yawunde. Hubert Auriol ne ya ci a Mitsubishi Pajero. Kuma tun kafin nan garinku ya ga motoci masu tarihi, a ƙarshen 1924 ayarin Citroën na motoci takwas masu sarƙa a baya ya ratso hamada ta Zinder ya iso nan lokacin ana ce masa Fort-Lamy.

Muna da namu Baba. A Kenya tun 2003 ake East African Safari Classic, an fara shi ne don cikar Safari shekara 50, tsofaffin Datsun da Porsche 911 da Ford Escort suna fiye da mako guda cikin laka da ƙura, wannan kam gudu ne na gaske kuma masu tsada ne. Shi ma Dakar, da yake yanzu a Saudiyya ake yi, ya buɗe rukunin tsofaffin motoci a 2021, na daidaita lokaci, kuma irin Pajero da Land Cruiser ɗin da ka gani suna wucewa a 1992 su ne yanzu ake kira tsofaffi a can. Abin da ke min ciwo shi ne irin motocin nan suna nan zube a bayan garejojinmu daga Kusiri har Gaundare, kaji na ƙwai a ciki, ana yanka su ana sayar wa masu awon ƙarfe a kilo, ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya FIVA kuwa ma'auninta shekara 30 ne mota ta shiga sahun na tarihi in an adana ta yadda take.

TAMBAYA: Kawu injin 504 ɗina ya gaji, ana ce min in sa na Toyota. Ya ka gani? Direba daga Gidar.

AMSA: Ƙanena ya danganta da abin da kake so da ita. In ta neman abinci ce kana jigila tsakanin Gidar da Figil, mutane na yi kuma tana tafiya, sai dai a samu mai walda na kirki ya yi mata kujerun inji, kuma ka je a gyara takardu su dace da abin da ke cikin motar. In kuwa kana da burin wata rana ta shiga sahun da muke magana, to da ka sa wani inji ta fita, ba mai karɓarta a matsayin 504. Kafin ka yanke, a auna matsin kowane silinda tukun, sau da yawa ringi ne da bawul kawai, kuma injin nan mai 1971 cc hannun riga gare shi da ake zarewa a sa sabo, har yanzu ana samun kayan a Kano da Kaduna. Ko ka sa na Toyotan ma kar ka sayar da tsohon, ka juye masa baƙin mai ta ramin fulogi, ka toshe bakunansa da tsumma, ka ɗora shi kan katako a ɗaki inda ruwa baya zuba.